Ɓawon Farin Taɓo da Zaren da Ido Ba Ya Gani

Duk inda ake walda da gas, a bayan rumfar masu gyaran salansa ko masu miƙar jikin mota, ba a rasa wani farin taɓo a zube. Ragowar kabayid ne. Mai walda yakan zuba duwatsun kabayid a tanki, ruwa ya taɓa su, iskar da ake hura wuta da ita ta tashi ta bi tiyo, abin da ya kwanta a gindin tanki kuma yaron shago ya kwashe ya juye a bayan rumfa. Ranar da aka zubar da shi lugub yake. A ba shi 'yan makonni, sai samansa ya yi ɓawo mai tauri, yana tsattsagewa. In ka sa ƙusa ka ɓamɓare ɓawon, za ka tarar da cikin yana nan da laushinsa, yana nan kuma da cizonsa, don in ya jima a fata sai ya ci ta.

Mutum zai ce rana ce ta busar da saman. Rana ta yi nata, amma ba ita kaɗai ba ce. Matsa lemon tsami a kan garin ɓawon, ka duba da kyau: ƙananan kumfa za su taso. Matsa shi a kan sabon taɓon da aka kwaso daga tanki yanzu, shiru. Kumfar nan iska ce da ɓawon ya kama daga sarari ya ɗaure a jikinsa, wato kabon-dayoksaid, wadda za mu riƙa kira iskar kabon a taƙaice. Ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce ke fita daga salansar mota da bututun masana'anta, ita ce kuma ake kuka da ita a kan ɗumamar duniya. Taɓon na kalsiyam ne haɗe da oksijin da ruwa. Da ya sha iskar kabon sai ya rikiɗe ya koma irin sinadarin dutsen farar ƙasa, irin na ɓawon ƙwai da na katantanwa. Abin lura shi ne inda aikin ya tsaya. Saman ya sha iska har ya ƙoshi, ya zama katanga, na ciki kuwa bai samu ko ƙanshinta ba.

Wannan katangar ita ce ciwon kan duk mai son kama iskar kabon da oksaid ɗin ƙarfe, kuma ita ce ta kai masana ga kaɗa zaren da ido ba ya iya gani.

Oksaid ɗin ƙarfe ba baƙon abu ba ne. Duk ƙarfen da ya haɗu da oksijin ya ba da shi. Tsatsa ɗaya ce daga ciki. Farin da ke cikin fenti na titaniyam ne. Ƙonanniyar farar ƙasa ta kalsiyam ce, don masu ilimin sinadarai kalsiyam da maganiziyam duk ƙarafa suke lissafa su. Ta wannan hanyar ma aka fara gane iskar kabon kanta. A 1754, a Edinbura ta ƙasar Sikotland, wani ɗalibin likitanci mai suna Joseph Black yana binciken wani farin garin maganiziyam da ake sha don tsamin ciki. Ya gasa shi, ya auna, sai ya ga fiye da rabin nauyinsa ya tafi. Ya bi diddigi har ya tabbatar cewa wata iska ce ke ɗaure a cikin garin, wuta ta kwance ta, kuma ana iya mayar da ita inda ta fito.

Me ke sa iskar ta manne? Ƙwayar iskar kabon miƙaƙƙiya ce: kabon ɗaya a tsakiya, oksijin biyu a gefe da gefe. Oksijin ɗin nan biyu suna janye lantarkin ƙwayar zuwa wajensu, su bar kabon na tsakiya da yunwa. Shi ya sa iskar take ɓangaren tsami, ko da yake tsaminta mai rauni ne. A fuskar oksaid kuwa akwai ƙwayoyin oksijin masu rarar lantarki, masu ɗabi'ar kashe tsami. Idan iskar ta gifta, oksijin na fuskar ya cafke kabon ɗin, ƙwayar da take miƙe ta tanƙware, ta zama kabonet. Ƙarfin riƙon ya danganta da ƙarfen. Kalsiyam yana riƙewa gam. Maganiziyam ya fi sassauci. Titaniyam da tutiya riƙon ɗan lokaci suke yi. Haka kuma ba ko'ina a fuskar ke da kamu iri ɗaya ba: kusurwoyi da gefuna da wuraren da tsarin ƙwayoyi ya sami tawaya sun fi shimfiɗaɗɗen wuri kamu nesa ba kusa ba, don a nan ne oksijin ke da ƙarancin maƙwabta.

A takarda lissafin yana da daɗi. Giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa zai kama giram 44 na iskar kabon ya ba da giram 100 na dutse. Oksaid ɗin maganiziyam ma ya fi: giram ɗaya zai iya ɗaukar abin da ya ɗara nauyin kansa. Amma in aka ɗauki garin maganiziyam na kasuwa aka hura masa iskar, abin da zai kama ɗan ƙanƙanin kaso ne na wannan alkawari. Dalilin shi ne ɓawo. A misali, kabonet ɗin kalsiyam yana cin wuri fiye da ninki biyu na oksaid ɗin da ya fito daga gare shi, saboda haka yana samuwa yana kumbura, yana toshe ƙananan ƙofofin da iska ke bi ta shiga ciki. Masu bincike a Sifaniya sun auna kaurin da ɓawon ke kaiwa kafin aikin ya yi sanyi, a zafin da ake wannan aiki, suka same shi kusan nanomita 50. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, gashin kan mutum kuwa kaurinsa yakan kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. To duk abin da ke ƙarƙashin wannan siririn ɓawo, iska sai da jan ƙafa take isa gare shi.

Daga nan dabarar ta fito fili. In ɓawo ba ya wuce nanomita 50 ta kowane gefe, a yi abin da kaurinsa duka bai wuce nanomita 100 ba. Ɓawon dama ya haɗu da na hagu a tsakiya, babu sauran ciki da za a ɓoye.

Sai a ce, to a niƙa shi gari mana. An gwada, kuma gari mai irin wannan laushi fitina ne. Yana dunƙulewa da kansa, ya koma gudaji masu ciki da waje. In aka cika bututu da shi, iska ba ta samun hanya. In aka matsa mata lamba, ta kwashe shi ta yi gaba. Zare ya kauce wa wannan duka. Siriri ne ta gefe, dogo ne ta tsawo, kuma zaruruwa in suka kwanta a kan juna sai su zama shimfiɗa mai sako-sako, wadda ake iya ɗauka da hannu, iska kuma ta ratsa ta ba wahala. A lissafi, giram ɗaya na oksaid ɗin kalsiyam in aka ja shi zare mai kaurin nanomita 100, tsawonsa zai kai kilomita dubu 38, saura kaɗan ya zagaye duniya, fuskarsa kuma ta kai murabba'in mita 12. In zaren yana da ƙofofi a jikinsa, fuskar ta ƙaru a kan haka.

Yadda ake yin zaren ya cancanci a tsaya a kalla. Wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi ya san abin da ke faruwa tsakanin hannunta na hagu da mazari: audugar da aka shiɓe tana sama, mazari yana juyawa a ƙasa, ja da murɗawa suna fitar da siririn zare daga dunƙulen da ba shi da siffa. A ɗakin gwaji, wutar lantarki ce ke yin aikin mazari. Ana narka gishirin ƙarfen da ake so a cikin ruwa ko barasar gwaji, a haɗa da wani sinadarin roba mai yauƙi, sau da yawa wanda ake kira PVP. A ɗura a sirinji. A maƙala wa allurar waya mai ƙarfin bolt dubu goma zuwa dubu talatin, a kafa farantin ƙarfe a gabanta, tazarar kamar taƙi ɗaya. Wani inji yana tura sirinjin a hankali, abin da bai fi mililita ɗaya a awa ba. Ɗigon da ke bakin allura sai ya cika da caji, ya daina zama kewayayye, ya yi tsini. Daga bakin tsinin wani siririn ruwa ya fita, ya tafi a miƙe ɗan taƙi, sannan ya shiga wulwulawa da gudun da ido ba ya bi. A wannan wulwulawar ne yake miƙewa yana sirancewa, ruwan jikinsa yana bushewa. Mai kallo ba ya ganin zaren. Abin da yake gani kawai farantin yana yin fari a hankali, har ya zama wani lallausan mayafi da ake ɓarewa da hantsaki.

Wannan mayafin roba ne tukuna. Sai an sa shi a tanderu, a ɗaga zafin sannu-sannu zuwa digiri 500 ko fiye a ma'aunin Selshiyas, robar ta ƙone ta tafi, gishirin ƙarfen ya koma oksaid. In an yi gaggawar wuta, zaren ya narke ko ya kakkarye. In an yi haƙuri, siffar ta tsaya, sai dai ta tsuke. A ƙarƙashin madubin lantarki za a ga kowane zare jerin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, da ramukan da robar ta bari a tsakaninsu. Dabarar kaɗi da lantarki tsohuwa ce. John Cooley ya yi mata rajista a Amurka a 1902, Anton Formhals ya inganta ta daga 1934, Geoffrey Taylor ya yi bayanin tsinin ɗigon a 1964, har ake kiran tsinin da sunansa. Darrell Reneker na Jami'ar Akron ya farfaɗo da ita a shekarun 1990. A 2003 kuma Dan Li da Younan Xia na Jami'ar Washington suka wallafa yadda suka fitar da zaren oksaid ɗin titaniyam ta wannan hanya, aikin da ɗakunan gwaji da yawa suka bi sawunsa.

Zuwa nan labari ne mai daɗi, kuma a nan yawancin rahotanni suke tsayawa: an yi zare, an hura masa iska, ya kama fiye da gari. Ni kuwa a ganina nan ne tambayar ta fara. Abin da ya kama iska sau ɗaya ya ƙoshi, ba magani ba ne. Dole a kwance iskar a tara ta wuri ɗaya, a mayar da abin bakin aiki, sau ɗari, sau dubu. Kalsiyam yana kamu da kyau a wajen digiri 650, amma ba ya saki sai an kai shi kusan digiri 900. Kwance tan ɗaya na iskar kabon daga gare shi yana cin zafin da ya haura yunit 1,100 in an auna da ma'aunin mitar wutar lantarki. Ana iya maido wani ɓangare na zafin a lokacin kamu, amma ba a tsere wa biyan kuɗin. Ƙarfin riƙon da ya sa aka zaɓi kalsiyam, shi ne kuma ke sa sakin ya yi tsada.

Wutar kuma tana da wata ɓarnar. A irin wannan zafi, ƙananan ƙwayoyi suna narkewa cikin juna tun kafin su kai ga zama ruwa. Biyu su zama ɗaya, ramuka su rufe, fuska ta ragu. Gwajin da aka yi da dutsen farar ƙasa na yau da kullum ya nuna ƙarfinsa yana zubewa da sauri a zagaye ashirin na farko, bayan ɗaruruwan zagaye kuma abin da ke aiki bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Zaren nano, wato wannan siririn zare, bai kuɓuta daga wannan ba. Sirantarsa ma tana ƙara masa haɗari, don ƙaramar ƙwaya ta fi babba saurin haɗewa. Abin da ya taimake shi shi ne zaruruwan ba sa taɓa juna sai a inda suka gitta, saboda haka wuraren haɗewar kaɗan ne. Masana sun ƙara da wata hikima: tun a cikin sirinji sukan zuba ɗan gishirin alminiyam ko zakoniyam ko maganiziyam. Bayan gashi, waɗannan sukan zama ƙwayoyin da wuta ba ta motsa su, su tsaya tsakanin ƙwayoyin kalsiyam su hana su haɗewa. An rage ɗan ƙarfin kamu a zagayen farko, an sayi tsawon rai. Wannan cinikin shi ne ainihin ilimin da ke cikin fannin, kuma duk rahoton da ya ba da adadin zagaye na farko ya yi shiru a kan na hamsin, rabin magana ya faɗa.

Akwai masu burin da ya wuce kamu. Suna son a karya iskar a mayar da ita abin amfani, kamar mai ko barasar masana'anta. Iskar kabon kuwa ragowar ƙuna ce, ta riga ta ba da duk ƙarfin da ke cikinta, ba ta komawa baya sai an biya da wani ƙarfin. A nan oksaid irin na titaniyam, siriyam da indiyam suka shigo. In aka cire ƙwayar oksijin ɗaya daga fuskarsu, gurbin da ta bari yakan ja oksijin ɗaya na iskar kabon ya zauna a ciki, ƙwayar ta tanƙware, ɗaurinta ya yi rauni. Zare mai yawan fuska yana da yawan irin wannan gurbi, tsawonsa kuma hanya ce da lantarki ke bi. Tun 1979 wasu masana a Japan, cikinsu har da Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka ba da rahoton cewa haske a kan garin irin waɗannan sinadarai a cikin ruwa yana iya juya iskar kabon ta zama wasu sinadarai. Shekaru fiye da arba'in ke nan, abin da ake samu har yanzu ɗan mitsitsi ne. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne oksaid ɗin titaniyam ba ya amfani sai da kusan kashi 5 cikin ɗari na hasken rana.

Ƙanƙantar abin da ake samu ta haifar da wani tarko da ya shafi zaren nano kai tsaye. A 2010, ƙungiyar Guido Mul a Delft ta ƙasar Holan ta yi gwaji da iskar kabon mai alama, wadda kabon ɗinta ya fi na yau da kullum nauyi kaɗan, don a gane shi duk inda ya shiga. Da suka duba abin da ya fito, mafi yawansa ba ya ɗauke da alamar. Ashe daga dattin kabon da ya saura a jikin sinadarin tun lokacin haɗa shi ya fito. A tuna cewa zaren nano daga ƙonanniyar roba ake samunsa, roba kuwa kabon ce. In tanderu bai cinye ta tas ba, mai bincike zai iya auna ragowar robarsa ya ɗauka iska ya juya, ba da niyyar ha'inci ba. Gwajin alamar nan yana da tsada, amma ban ga yadda za a yarda da sakamako ba tare da shi ba.

Saura batun yawa, kuma shi ne ya fi shafar mu. Masana'antun siminti, daga Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe zuwa Malbaza ta Nijar, aikinsu gasa dutsen farar ƙasa ne, wato kwance iskar da dutsen ya ɗaure tun zamanin da ba a san adadinsa ba. Kowane tan na gasasshen dutsen siminti yana sakin kusan rabin tan na iskar kabon daga dutsen kaɗai, ban da ta man da aka ƙona. A duniya, siminti ne ke da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa. Allura ɗaya kuwa, in ta yi awa tana kaɗi aka gasa abin da ta ba da, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. An ƙera injinan da ba sa amfani da allura, irin wanda aka fito da shi daga jami'ar Liberec ta ƙasar Cek a farkon shekarun 2000, masu fitar da zaruruwa da yawa a lokaci ɗaya daga jikin abin nadi ko waya. Sun wadatar da masu yin matatar iska da ta ruwa. Ba su kusanci ma'aunin bututun siminti ba.

Shi ya sa waɗanda suka fita daga ɗakin gwaji zuwa fili ba da zare suka fita ba. Tashar gwaji ta La Pereda a arewacin Sifaniya da niƙaƙƙen dutse mai araha take aiki, in ya gaji a ƙara sabo. Kamfanin Heirloom, da ya buɗe tasharsa a Tracy ta jihar Kalifoniya a 2023, jiƙaƙƙiyar farar ƙasa yake bazawa siririya a kan faranti masu yawa, ta sha iska cikin 'yan kwanaki a mayar da ita tanderu, kuma iyakar ƙarfin tashar tan dubu ɗaya ne a shekara, alhali duniya tana fitar da sama da tan biliyan 35. Ba na ganin wannan a matsayin faɗuwar zaren nano. Wurinsa yana inda ake bukatar kaɗan mai kyau: a na'urorin shinshinar iska, a sinadaran da ke hanzarta haɗuwar wasu, da kuma a matsayin abin nazari, don a jikinsa ne ake iya ganin ƙwaya da rami da ɓawo ɗaya bayan ɗaya, a koyi yadda za a gyara dutse mai araha.

Akwai kuma haƙƙin masu aikin. Gasasshen zaren oksaid yana da gautsi, taɓawa kaɗan ya karye ya tashi ƙura. Duniya ta riga ta sha wuya da asbestos, wanda cutarsa ta fito ne daga siffarsa: siriri, dogo, ba ya narkewa a huhu. Ba a ce kowane zaren oksaid haka yake ba, na kalsiyam da maganiziyam suna narkewa a ruwan jiki, amma na titaniyam da alminiyam ba sa yi da sauƙi. Ɗalibin da ke buɗe tanderu ya ɓare mayafin nan yana bukatar akwatin zuƙe iska da takunkumi na gaske, kuma jami'ar da za ta sayi sirinji da injin bolt dubu talatin ya kamata ta sa kuɗin waɗannan a cikin takardar sayen tun farko.